Tabarmar Gefen Mma

Shekara biyu ke nan da Mma Lariba ta rikice, ba ta gane kowa, har ɗanta na fari Gafaru, direban lori a Agbogbloshie. Ya gaji da wankin fitsarinta. Da ya ji labarin wata mata a bayan babbar kwatar Maamobi mai karɓar tsofaffin da suka ruɗe, sai ya danna wa ɗakin uwar kwaɗo kamar kullum, ya tafi dubo gidan bayan magariba.

Gida fes, ba zarni, ba ko ƙuda. Tsofaffi na zaune a jere kan tabarmi, ba mai tari, ba mai ƙifta ido. Fitila na ci, amma babu inuwar kowa a bango.

"Suna ihu da dare?" ya tambayi matar.

"Nan ba a ihu."

"Dole ne 'ya'yansu su riƙa zuwa?"

"Ba wanda muka taɓa nema."

Gafaru har da murmushi. "To, gobe zan kawo tawa."

"Ai ka kawo ta tun ranar da ka sayi kwaɗon nan."

Ya juya. Can ƙarshen layi ga Mma a zaune, makullin ɗakinta kuwa yana aljihunsa. Tun da ta haife shi, kunyar ɗan fari ba ta taɓa barinta ta faɗi sunansa ba. Ta dube shi ido tar, ta shafa tabarmar gefenta da babu kowa a kai.

"Gafaru," ta ce. "Zauna."