Kwalaben Ɗakin Sanyi

Ranar da wata yarinya ta fara aiki a kamfanin madara, ta ji muryar namiji a ɗakin sanyi, ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jinjiri.

"Ku yi haƙuri, yau ma akwai aiki."

Ta leƙa. Wani siririn saurayi ne tsaye gaban dogon bututun gilashi. A ciki, fararen ƙwayoyi kamar ƙwan kifi suna juyawa a hankali, madara na ratsa su.

"Wani sinadari, enzayim, aka kulle a cikinsu," in ji shi. "Su ke farfasa sukarin madara, don masu kumburin ciki su iya sha. Madara ta wuce, su suna nan."

Da ya juyo, ta manta abin da ya kawo ta.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "'Yar tabarau, tun fitarki ɗakin nan ya ƙara sanyi. Gobe ki dawo."

Ta koma. Ta yi ta komawa.

Sai wani direban tankar madara, wanda ta taɓa ƙin soyayyarsa, ya raɗa wa Ummanta cewa yaron yana kiwon wasu halittu a gilashi, ba ci ba sha, yana hira da su.

"Ba zan ba mai aljanu 'yata ba," in ji Umma.

Da kuka da magiya ta jawo Umma har ɗakin. Fitila na kyaftawa, injin na gurnani. Umma ta ja mayafi, tana addu'a.

"Me suke ci?"

"Ba sa ci, Umma."

"In sun gaji fa?"

"Ana zubarwa."

Umma ta kafe shi da ido. "'Yata fa, ranar da ta gaji?"

Saurayin ya juya. Ya buɗe wani kabad a bayan ƙofa. Kwalabe ne jere, cike da tsofaffin ƙwayoyi da suka koɗe, shiru kamar masu barci.

Yarinyar ta matso ta leƙa. Ita ma ba ta taɓa ganinsu ba.

"Ka ce ana zubarwa," in ji Umma.

"Ana zubarwa, Umma. Ni ne na kasa."

Umma ta daɗe tana kallon kwalaben.

"Rufe, kada iska ta dame su. Ka turo manyanka."

Ranar kai amarya, Umma ta riƙe hannayensu su biyun.

"Allah Ya sa ku tsufa tare, ku gaji tare."

Daga cikin lulluɓi amarya ta ce amin, ta riga kowa.