Farashin Tsohon Sari

Ranar da Mai Kwamfuta ya zo saka manhajar lissafin kaya a shagon kayan wuta, Auta, 'yar mai shagon, ce ke tsaron kantar shagon. Ita ke karanto masa kuɗin sarin ƙwan fitila da soket da waya, shi yana shigarwa.

"A nan za a zaɓa," ya ce, "ko farashi ya riƙa bin sabon sari, ko ya tsaya a kan tsoho."

"Baba ya ce sabo. Ka ji ko, Injiniya?"

Ya ji sarai. Amma ta yi murmushi, idonsa ya tafi, yatsansa ya wuce wurin bai taɓa ba. Aikin yaran yanzu ke nan.

Ba a jima ba saƙon waya ya fara kai da kawowa tsakaninsu.

"Sarauniyar kanta, gobe zan zo duba kwamfuta. Lafiyarta ƙalau, ke zan gani."

"To ka zo da kayan aiki, kar Baba ya gane ka."

Kaya suka yi tsada a wajen sari, kwamfuta kuwa tana ta sayarwa a tsohon farashi. Shago cike da jama'a, riba babu. Ɗan dillalin da ke kawo musu kaya, wanda Auta ta ƙi saurara, ya raɗa wa Baba cewa ƙawayenta take yi wa ragi. Baba bai tambaye ta ba, ya ce ta zauna a gida.

Da Mai Kwamfuta ya dawo duba kwamfutar, ya buɗe saitin farashi, ya ga ɓarnar hannunsa. Ya gyara shiru, ya tafi.

Riba ta dawo. Baba ya dafa kafaɗar Mai Kwamfuta. "Ka gani, ɗan nan? Tunda ta bar kanta komai ya daidaita."

Da yamma saƙonta ya shigo: "Injiniya, ko kai ma ka yarda na ci amanar Baba?"

Ya karanta, ya ajiye wayar. Washegari ya durƙusa a tsakiyar shago, gaban masu saye.

"Baba, Auta ba ta yi ragi ba. Ni na bar farashi a tsohon sari. Da na gane, na gyara a ɓoye."

"Ka bar 'yata ta ɗauki kayanka a kai? Fita! Kar na sake ganin ƙafarka, a shago ko a gida."

Baba ya koma gida, ya tsaya a bakin ɗakinta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Auta, ki yafe wa tsohon nan."

Ta yi kuka mai isarta. Saƙonnin Mai Kwamfuta kuwa ta bar su ba amsa, saboda shirun da ya yi ya ɓata mata rai. Sai da ta huce ta ce, "Baba, da ya ci gaba da shiru, har gobe ni ce ɓarauniya. Shi kaɗai ya sani."

Baba ya aika a kira Mai Kwamfuta.

"Laifinka na nan, ban goge ba. Amma ni da na haife ta ban tambaye ta ba na yanke mata hukunci. Kai ka tona kanka saboda ita. Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun angon da ƙarfi.

"In ka yi mata laifi, kar ka gyara a ɓoye. Ka faɗa mata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu gaskiya."