Kamilu Mai Jaridar Sinawa

A daminar da kuɗin mota ya ninka sau uku, har malaman makaranta suka koma tafiyar ƙasa, Safara'u ta fara ganin Kamilu.

Ta taso daga firamaren da take koyarwa, tana bin hanyar da ta ratsa gonakin gero zuwa Zakirai, sai wani mai babur ya wuce ta da ƙullin takardu a baya. Bai yi nisa ba igiyar ta tsinke, takardun suka watse a kan hanya. Ɗaya ta faɗo daidai ƙafarta, ta sunkuya ta ɗauka.

Rubutun kamar sawun kaji a taɓo. Ta taɓe baki.

"Wannan kuma wane irin hatimi ne? Boka kake yi wa aike?"

Saurayin ya ɗago yana murmushi. Dogo ne, baƙi, duk faratansa tawada.

"Jarida ce, Malama. Ta Sinawa. Kuma a kife kika riƙe ta."

"To Allah ya kyauta. Mutane na neman abin sawa a bakin salati, kai kana yawo da zanen 'yan Caina."

"Nan nake samun nawa abin sawar. Ni nake buga ta a Bompai, cikin Kano. Waɗannan ragowa ne, Innata ke naɗe ƙosai da su. Ki hau in rage miki hanya mana."

"Ƙafata ba ta yi ƙara ba."

Ta miƙa masa takardar da yatsu biyu, ta wuce abinta. Shi kuwa ya ƙi tayar da babur ɗin. Turawa ya riƙa yi a bayanta har bakin gari, wai mai yake tattali. Sau ɗaya ta waiwaya, ta tarar ita yake kallo.

Ashe ɗan unguwar gabas ne, ɗan marigayi Sama'ilu, wanda shi ma a wajen Sinawan ya ƙare rayuwarsa. Duk garin Ɗan Sin suke ce masa, kuma ba don yabo ba.

Daga ranar, kowace Alhamis sai ta same shi a gindin wata tsamiya yana duba tayar da ba abin da ya same ta. Sati huɗu tana wucewa ko gaisuwa ba ta amsawa sosai. A na biyar ta tsaya.

"Wai kai ba ka da zuciya ne?"

"Da ina da ita. Wata malama ce ta tafi da ita."

Ta yi tsaki, amma dariya ta ƙwace mata. A ranar ya samu lambar wayarta.

A gindin tsamiyar nan ya ba ta labarin jaridar. Sunanta da Sinanci, in aka juya shi, Wasiƙar Gida ke nan. Wani tsoho ne mai ita, ana ce masa Baba Lau. Ya zo Kano yana saurayi, magatakarda a kamfanin langa. Da ya ga 'yan uwansa ba su jin Turanci balle Hausa, kewar gida na cin su, sai ya riƙa kama tashar ƙasarsu a rediyo da asuba, ya rubuta labaran da hannu, ya murza kwafi arba'in a 'yar na'urar hannu, a raba kafin a shiga aiki. Da masaƙu suka bunƙasa, ya sayi inji, jaridar ta kai ɗari takwas a kullum, har Kaduna da Legas ake aika ta. Wanda aka haifa, wanda ya mutu, farashin auduga, duk a ciki ake gani.

"Yanzu fa?" in ji Safara'u.

"Saba'in. Tsofaffi ne kawai suka rage."

"Wato jirgin da ke nutsewa ka shiga."

"Babana shekara talatin ya yi a cikinsa. Ba ni zan fara tsalle ba."

Ta kalle shi, sannan ta kama hanyar gida.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Malamata, yau na buga shafi huɗu, ban gane rabin abin da ke ciki ba. Na kalli fuskarki sau ɗaya, na karance ta tsaf. Kin fara sona, kina dai jin nauyin faɗa."

Ta mayar masa: "Ɗan Sin, a kife ka riƙe fuskar. Amma ka ci abinci kafin ka kama hanya, na ga ka rame."

Da Kamilu ya turo kawunsa neman izinin zance, Malam Nababa, mahaifin Safara'u, ko tabarma bai sa an sake ba. Manomi ne mai rumbu shida, mai ganin duk wanda ba ya riƙe fartanya zaman banza yake.

"Ɗan wa? Sama'ilu da ya bar gonar gado ta zama fili ya tafi bautar masu cin kwaɗi? In ɗauki 'yar da na kai har kwalejin Bici in ba mai buga abin da shi kansa bai san mene ne ba? In zagin iyayensa aka rubuta, haka zai buga ya raba. Ku tashi, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Wanda Malam yake so shi ne Abdussalam, mai sayen hatsi da kaka ya kulle a sito har sai yunwa ta fara kwantar da yara sannan ya buɗe. A shekarar da kowa ya zube, shi kaɗai ya yi tumbi. Yana zuwa zance da mota mai baƙin gilashi, ya zauna a ciki yana danna oda, turarensa na riga sallamarsa shiga gida. Hirarsa ɗaya ce: yadda buhu zai ƙara tashi. Safara'u takan tsaya nesa da motar ta ce, "Allah ya sauko da shi," shi kuma ya yi dariya, a zatonsa wasa take.

Malam bai ce dole ba. Cewa ya yi, "Ba zan ɗaura miki wanda ba kya so ba, amma wancan ɗan tawadar, sai bayan raina."

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa Abdussalam ya zo da guntun jarida duk maiƙon ƙosai, ya miƙa mata ta tagar mota.

"Ga mutuminki. A wajen uwarsa na samo."

Hoto ne. Kamilu cikin jar riga, kusa da shi wata budurwa Basiniya cikin jajayen kaya, sun kama wuƙa ɗaya suna yanka kek.

"Ja shi ne kayan aurensu, kowa ya sani," in ji Abdussalam. "Wa ya san ma ko yana salla?"

Ta shiga ɗaki, ta ɗora kyamarar waya a kan rubutun don ta fassara mata. Maiƙo ya cinye rabin haruffan. Abin da wayar ta iya tsinta shi ne: biki, zinare, iyali ɗaya.

Ta tura wa Kamilu hoton guntun jaridar, ta rubuta masa: "Ina taya ango murna. Ashe shi ya sa ake son jirgi ko yana nutsewa. Ni ce sakarya da na tsaya sauraron ɗan aiken da ko sunansa ba a iya faɗa daidai a gidan da yake bauta. Kada ka ƙara nemana."

Amsarsa ta zo nan take: "Safara'u, wallahi ba aure ba ne. Ki ba ni minti biyar." Ba ta ba shi ba. Ta toshe lambar, ta canza hanyar makaranta. Abdussalam kuwa bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya kai wa Malam labarin hoton. Sati uku tana zagayewa ta bayan maƙabarta, tana gaya wa kanta ta huta, tana kuma ramewa. Inna Hure, mahaifiyarta, ta dube ta wata safiya ta ce, "Wanda ya huta ba ya barin tuwo a kwano."

Ranar wata Lahadi da hantsi, tsohuwar mota ta tsaya a ƙofar gidan. Kamilu ya fito ya buɗe wa wani tsoho fari, ɗan ƙarami, da sanda da tabarau mai kauri. Tsohon ya yi sallama da Hausar da ta sa masu zaman dakali suka saki baki. Aka aiki Safara'u da ruwa, ta ajiye, ta maƙale a bayan ƙofar zaure.

"Malam Nababa, sunana Lau. An ce ka ce muna cin kwaɗi. Ni dai shekara hamsin tuwon dawa nake ci, miyar kuka ta fi zauna mini."

Malam ya yi gyaran murya.

Tsohon ya zaro jarida sabuwa fil ya shimfiɗa a tabarma. "Wanda ya kawo muku hoton nan ya yage sama, ya yage gefe. Ga cikakkiya. Ba sai ka iya Sinanci ba, dubi lambar."

A saman shafin an rubuta 50 da manyan lambobi. A gefen da aka yage kuwa, ga wani Basine tsaye da jariri a kafaɗa.

"Jaridata ce ta cika shekara hamsin. Wannan jikata ce, wannan mijinta, wannan ɗansu. Sun zo ne su tafi da ni gida. Hannuna na rawa, shi ya sa na ce Kamilu ya yanka a madadina, don gidansu ya fi kowa haƙƙi."

Ya cire tabarau ya goge. "Lokacin tsuke bakin aljihu na farko, kamfanoni suka rufe, takarda ta ɓace a Kano. Sama'ilu ne ya riƙa bin shara yana tsinto takardun liƙa wa langa, muka riƙa bugawa a bayansu. Wata tara bai bari ta yi fashin kwana ɗaya ba. Yanzu idona ya mutu. Shekara uku yaron nan ke duba mini shafi, in harafi ya kife shi ke gani. Mutanena sababbin zuwa, masu dillancin atamfa, sun raina ta. Wai jaridar tsofaffi, komai na cikin waya. Ko ina aka binne waɗanda suka share musu hanya ba su sani ba. Su raina, ku ma ku raina, Kamilu kuwa bai taɓa makara ba. Sau ɗaya yake kashe mini inji ba shawara: in an kira salla."

"To in ka tafi fa?" in ji Malam. "Tawada za su ci?"

"Ƙarshen shekara zan rufe. Injin na Kamilu ne, na riga na sa hannu. Katin biki, takardun jarrabawa, kalanda, duk yana bugawa."

Malam ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya harari Kamilu.

"Inji ba ya tsiro. Gonar ubanka da ta zama wajen kiwon awaki, baɗi in gan ta da gero."

"In Allah ya yarda, Baba."

"Shi kuma wancan mai yage-yagen, in ya sake danna mini oda a ƙofar gida, da fartanya zan fito."

Da suka fito, Safara'u na tsaye a soro, ta rufe rabin fuska da mayafi.

"Kamilu... na yi maka rashin adalci."

"Kin ce ba a iya faɗar sunana a can. Gaskiya ne, Kamiru yake cewa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya yi mini ciwo, kin yarda da guntun takarda kin ƙi ba ni minti biyar."

Hawaye suka zubo mata. "Ka yafe mini."

"Na yafe tun a hanya, Malamata. Ki dai buɗe lambar, saƙo goma sha tara ke jiran ki."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure. Abdussalam bai zo ba, ya aiko cewa yana da harka a kasuwar hatsi ta Dawanau, ba kuma wanda ya tambayi dalili. Baba Lau ya ɗage tafiyarsa da sati biyu. Ya zo cikin babbar riga da ta yi masa yawa, tare da wasu tsofaffin Sinawa shida, suka zauna a inuwa suna shan fura. A hannunsa akwai fitowar ƙarshe ta Wasiƙar Gida. A shafin gaba, ƙarƙashin ban kwanansa da masu karatu, an buga layi biyu da Hausa, karo na farko a shekara hamsin: sanarwar auren Kamilu Sama'ilu da Safara'u Nababa.

Malam Nababa ya karɓi tasa, ya ninke a hankali ya sa a aljihun gaba. Da za a tafi da amarya, ya dafa kanta.

"Ki rage kaifin bakin nan a gidan miji. Kai kuma na ba ka amana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa rumbunku kada ya ga ƙasa."

Mata suka ɗauki guɗa. A cikin mota Kamilu ya sunkuyo ya ce a hankali, "Amarya, kin yi shiru."

"Baba ya ce in rage," in ji ta daga cikin lulluɓi. "Ka more yau, gobe ban yi alkawari ba."