Kifin Ummi Mabruka

Da la'asar sakaliya Mahmud ya rufe rumfarsa ta turare a kasuwar Kurmi, ya nufi gida a unguwar Zaitawa da ƙunshin tsire mai zafi don mahaifiyarsa. Tun farkon damina tsohuwar take kwance, abinci ya ƙi shigar mata. Sunanta Mabruka. Tana yarinya aka zo da ita Kano daga Tarabulus a ayarin raƙuma, kuma tun daga lokacin ba ta sake ganin teku ba.

Tun daga zaure ya ji ƙamshin soyayyen kifi. Ya kuma ji abin da ya daɗe bai ji ba: dariyarta.

Ƙanensa Hamid ne zaune a gabanta yana cire mata ƙaya. Hamid bai taɓa iya zaman rumfa ba. Tun yana ƙarami masunta yake bi, har ya sassaƙa wa kansa ɗan kwalekwale mai cin mutum ɗaya, yana su a wani babban kududdufi da ke kusa da Ƙofar Ruwa.

"Zo ka gani," in ji Mabruka. "Kifin garinmu!"

Akwai ɗanye guda a cikin tasa. Mahmud bai taɓa ganin irinsa ba. Shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, cikinsa fari, bayansa launin yashi. Idanunsa biyu duk a gefe guda suke, bakinsa a karkace.

"Irinsa babana yake kamowa a bakin teku," ta ce. "A ƙasan ruwa yake kwanciya, ya lulluɓa da yashi. Allah ya yi maka albarka, Hamid. Kai kaɗai ka san ciwona."

Mahmud ya ajiye tsiren a gefen tabarma. Har ya huce ba wanda ya kwance shi.

Haka aka ci gaba. Kullum kifi ɗaya, kullum albarka. Tsohuwa ta tashi, ta fara zama a tsakar gida, duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta ji labarin Hamid. Mahmud ne mai ciyar da gidan. Shi ya yaɓe soron ɗakinta kafin ruwa ya sauka, shi ya bi malamai da masu magani. Amma ba a taɓa yi masa irin kallon da ake yi wa Hamid idan ya shigo da wandonsa duk taɓo ba. Abin ya tsaya masa a ƙirji kamar garwashi.

Wata rana ya tare shi a zaure.

"Ina kake samo kifin nan? Kududdufin da ban da tarwaɗa da karfasa ba komai?"

Hamid ya sunkuyar da kai. "Yaya, ka bar maganar nan."

"Tsoro kake kar ni ma in kawo mata?"

"Wallahi ba haka ba ne. Wurin yana da masu shi. Ni ma idan na shiga, bakina a rufe yake har in fito."

Mahmud bai ji gargaɗi a ciki ba. Rowa ya ji.

Ran da zazzaɓi ya kwantar da Hamid, Mahmud ya ɗauki filafilin tuƙi da fatsa daga bayan ƙofa, ya fice ba sallama. Rana ta yi ja sa'ad da ya isa. Mata masu wanki sun watse. Ya sami kwalekwalen a ɗaure a gindin wata giginya, ya kwance, ya shiga yana tangaɗi.

Da farko ba komai. Kwaɗi suna kuka, sauro yana yi masa waƙa a kunne. Warin taɓo da ruɓaɓɓiyar kainuwa ya cika masa hanci. Daga can bayan gidaje yana jin dakan mata da kukan jaki. Ya tuƙa zuwa tsakiya, ya soka tana a ƙugiya, ya saki zaren har ya ji ya taɓa ƙasa.

Sai kwaɗin suka yi shiru. Gaba ɗaya.

Dakan ma ya ɗauke.

Wata iska mai sanyi ta taso, da wani irin ƙarni da bai taɓa shaƙa ba. Kwalekwalen ya ɗaga a hankali, ya sauka. Ya sake ɗagawa. Kududdufi ba ya igiyar ruwa. Feshi ya taɓa masa leɓe, ya lasa.

Gishiri.

Ya waiga. Babu giginya. Babu ganuwa, babu soraye. Ruwa ne iya ganinsa, baƙi wuluk, yana numfashi.

Zaren ya yi nauyi a hannunsa.

Ya leƙa. Ruwan ya washe tas, yana hango farin yashi a ƙasa, shimfiɗe, ya fi tsakar gidansu faɗi. Sai yashin ya motsa. Ya girgiza, ƙura ta tashi daga gefunansa.

Ba yashi ba ne. Baya ne.

Idanu biyu suka buɗe, kusa da juna, a gefe guda. Idanun mutum ne. Har da gashin ido.

"Ba kai ne mai zuwa ba."

Raɗa ce, daga ƙarƙashin katakon da yake zaune a kai. Ya ji ta a ƙasusuwansa. Ya tuna maganar Hamid, ya datse bakinsa.

"Shi ne ɗan albarka. Kai kuwa mai ɗaukar kaya."

Zaren ya naɗe masa yatsu.

"Ka yi mata komai. Ta taɓa yi maka dariya?"

Hawaye ya zubo masa. Ba na tsoro kaɗai ba.

"Kira min sunansa. Sau ɗaya. Idan ya zo gobe, ba zai koma ba. Sai ta zama taka kai kaɗai."

Abin ya taso. Karkataccen bakin ya matso dab da gefen kwalekwalen, yana buɗewa yana rufewa.

Mahmud ya ga kansa zaune a gaban Ummi. Shi kaɗai. Hannunta a kansa.

Leɓɓansa suka rabu.

"Ha…"

Ruwan ya tsaya cak. Idanun suka ƙara girma.

Ya ciji harshensa har ya ji jini.

"A'uzu billahi!"

Kwalekwalen ya miƙe tsaye kamar doki. Zaren ya ja shi, ya yanke masa fata. Ya kai baki ya datse shi da haƙori. Ya faɗa cikin ruwa.

Sanyi. Duhu. Wani abu mai kaushi ya goge masa ƙafa, ya ci gaba da gogewa, bai ƙare ba.

Ya yi ta harbi. Ya yi ta kamun ruwa.

Hannunsa ya damƙi kainuwa. Gwiwarsa ta nutse a taɓo.

Ya ja jiki ya fito a gindin giginya yana amai. Kwaɗi na kuka. Ladan na kiran magariba. Kwalekwalen bai sake tasowa ba.

Da Hamid ya warke ya je bai ga jirginsa ba. Ya dubi yankan da ke yatsun yayansa, bai tambaye shi komai ba, bai kuma sake sassaƙa wani ba. Mabruka ce ta yi magana, fuskarta a bango: "Abin da ɗan'uwanka yake kawo min ne ya tsone maka ido." Ta koma kwanciya.

Tun daga ranar Mahmud bai sake iya kiran ƙanensa ba. Ko da sunansa, ko da wani laƙabi, muddin shi yake nufi, sai ruwan gishiri ya cika masa baki.

Da kaka jikin tsohuwar ya tsananta. Wata safiya Hamid ya fita nemo mata magani. Bai kai ƙarshen lungu ba ta buɗe ido, ta kama hannun Mahmud.

"Kira min ɗan'uwanka. Maza."

Ya fita ƙofar gida. Ga Hamid can, yana tafe a hankali, ko tari aka yi zai waigo. Mahmud ya buɗe baki. Ruwa ya kwararo masa bisa gemu, ya jiƙa masa riga. Ya sake gwadawa, ya shaƙe. Sai ya bi shi da gudu, ya kamo hannunsa, suka juyo tare.

Sun tarar ta cika, fuskarta na kallon ƙofa.

Hamid ya durƙusa ya rufe mata ido. Sannan ya ɗago, a hankali ya ce, "Yaya, ai da ka kira ni, da na ji."