Ɗauri Ɗaya, Sau Uku a Hoto

Da Insifekta Mas'uda Isyaku ta isa kamfanin jima na Alhaji Yahaya a Challawa, ta tarar an gama shari'a ba alƙali. Rabin fatun da ke sito sun ɓace, an zaunar da maigadi Malam Gwadabe a ƙasa, har an karɓe masa tocila.

"Ina hujja?" ta tambaya.

Alhaji ya miƙo waya. Dokarsa ce kullum kafin a tashi, mai kula da sito ya ɗauki hoton kaya ya tura masa. A hoton jiya sito cike yake maƙil, yau kuwa rabi ne. Bayan tashi babu kowa a harabar sai Gwadabe.

Mas'uda ta shiga sito, warin ɗanyar fata ya tare ta. Ta tsuguna inda aka ce kayan suke, ta shafa siminti. Fatar da aka barbaɗa wa gishiri takan jiƙa ƙasa, nan kuwa a bushe yake ƙarau, alamar kayan sun kwana biyu da barin wurin.

Ta sa aka kira mai kula da siton, Sagir, saurayi mai tsaf-tsaf da ladabin da ya ɗan yi yawa.

"Kai ka ɗauki hoton?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Ka taɓa shi kafin ka tura?"

"Ni dannawa kawai na iya."

Ta koma cikin kayan da suka rage. Wani ɗauri da tsumman atamfa ja aka ɗaure shi, ma'aikata suka ce igiya ce ta ƙare musu, kuma shi kaɗai ne haka. Ta buɗa hoton da yatsu biyu. Ga ɗaurin nan sau uku, ƙulli iri ɗaya, har zaren da ya zare iri ɗaya. Wani ya kwafi gefen da ke da kaya ya liƙa a inda babu.

Ta dawo wajen maigadi. "Baba, me ke tsakaninku da Sagir?"

"Ɗan aminina ne, Hajiya. Ni na kawo shi daga Ringim, a ɗakina ya zauna, ni na roƙar masa aikin. Kada ku sa shi a ciki." Ya ciro tsohuwar wayarsa da alfahari. "Dubi hotona na Sallah. Babur ne a bayana, yaron ya shafe shi ya sa bango. Hannu gare shi."

Mas'uda ta daɗe tana kallon tsohon. Abin ya yi mata ciwo.

Ta jera wayoyin biyu a gaban Sagir. Ya kalle su, ladabin ya gudu.

"Tun makon jiya nake fitar da su a motar shara," ya ce. "Hoton nake cikewa. Da na ji za a zo lodi gobe, sai na bari a gano yau."

"Ka bar laifin a kan wa?"

"Na ɗauka Alhaji zai tausaya wa tsoho. Kora ce kawai."

Gwadabe ya miƙe a hankali. Bai yi zagi ba. "Ɗumamen da ka ci da safen nan, Sagir, daga gidana aka kawo shi."

Aka sa wa Sagir ankwa, aka nufi mota da shi. Alhaji ya miƙo wa tsohon tocilarsa yana kame-kamen ban haƙuri. Gwadabe bai karɓa ba. Wayarsa ya miƙa wa Mas'uda.

"Hajiya, ban iya ba. Goge min hoton Sallar nan."