Mai Faɗowa Daga Rufi

"Ba don gwiwar Baba ka tsara wannan zagayen na ranar Lahadi ba, Torben. Kada ka raina min hankali," in ji Maike.

"Don gudun layi ne."

"Wane layi? Har banɗaki ka sa a tsarinka. Abu ɗaya ka tsallake."

Torben ya cusa hannu a aljihu, yana kallon inda jirgin ƙasa zai ɓullo. Maike ta san abin da ya tsallake, don a can ta fara ganinsa bara, ranar da ta kai yaran ajinta filin shaƙatawa na finafinai. A wasan kaboyi shi ne ɗan fashin da ake harbewa, ya rikito daga rufin banki cikin kwamin ruwan dawakai, jama'a su kwashe da dariya. A ranar, hularsa ta gangaro gabanta. Ta miƙa masa, ya karɓa yana ɗigar ruwa, ko na gode ya kasa cewa. Tun daga nan ya zama Ɗan Fashinta, ita kuma Tsuntsuwarsa.

Mahaifinta, Herr Overbeck, rufin gidaje ne sana'arsa. Ya tsufa a saman gidajen mutane bai taɓa zamewa ba, kuma ba a gama cin abinci da shi bai faɗi haka ba. Lutz yake so ta aura, babban yaronsa a wurin aiki. Da ya tambayi Torben sana'arsa, Torben ya ce, "Harkar fim."

"To, ka kai mu mu gani," in ji tsohon. "Lahadi, rabin yini. Da la'asar akwai kofi da kek a gidan yayata, ba a latti a can."

Jirgin Maike ya iso, ta shiga ba ta waiwayo ba. Kafin ya kai gida saƙonta ya shigo:

"Ɗan Fashina, ni ban taɓa jin kunyarka ba. Kai ne kake jin kunyar mutumin da nake so. Abin yana min ciwo."

Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa:

"Tsuntsuwa, ki bari Lahadin nan ta wuce tukuna. Zan gaya masa."

Tsarin kam ba shi da makusa. Ranar hutunsa ce. Sun iso filin shaƙatawar kafin a buɗe ƙofa. Jama'a suka yi dafifi a lilon da ke bakin shiga, shi kuwa ya wuce da su can ƙurya inda babu kowa, suka riƙa dawowa sannu a hankali. Sun ci soyayyen dankali kafin 'yan tsakar rana su taru. Kwalekwalen da ke jiƙa mutane ya bar shi ƙarshe, don kada tsoho ya yini da ɗanyen wando. Lissafinsa, ana buɗe wasan kaboyi suna kan hanyar mota.

Sai dai ko layi ɗaya ba su tarar ba.

Herr Overbeck ya duba agogo, ya ɗaga gira. "Mun gama, ga lokaci ya rage. Yaro, ka iya tsari. Wancan taron fa, na mene ne?"

"Shirme ne, yallaɓai. Na yara."

"Na biya kuɗin shiga. Mu je."

Maike ta bi bayan mahaifinta.

Suka zauna. Aka yi harbe-harbe, wanda ke riƙe wa Torben aiki ya faɗo cikin kwami, ruwa ya fantsama. Tsohon bai yi dariya ba. Sai mai gabatarwa ya hango su, ya ɗaga lasifika.

"Kai, jama'a! Ga ɗan fashinmu na asali can a zaune, ya sa riga mai kwala! Torben, yau a bushe? Tashi su gan ka mana!"

Yara suka hau ihu suna nuna shi. Wata uwa ta juyo da waya. Torben ya miƙe rabi, ya koma ya zauna. Kunnuwansa kamar an gasa su.

Suka fito wurin ajiye motoci. Tsohon ya tsaya jikin motarsa, makulli a hannu.

"Harkar fim."

"Ƙarya na yi, yallaɓai. Wannan ne aikina. Ina faɗowa, ana dariya."

"Kullum?"

"Ban da Lahadi."

"Da gangan kake sakin ƙafarka?"

"Da gangan."

Herr Overbeck ya juya yana kallon rufin bankin da ke leƙowa ta saman katanga.

"Ni har yau ba na duba ƙasa in ina sama," ya ce a hankali. "Lutz ma haka." Ya share hanci. "Aikin bai dame ni ba. Yawon da ka yi da ni kamar akuya a igiya, shi ya dame ni."

"Ku yi haƙuri."

"Baba," in ji Maike, "shi nake so. A jiƙe na gan shi, a jiƙe na zaɓe shi."

"Na ji, ba kurma ba ne ni." Ya buɗe ƙofar baya, ya yi wa Torben nuni da kai. "Shiga. Kai za ka gaya wa yayata sana'arka da bakinka, kafin a yanka kek. In ka fito da rai, sai mu sa rana a bazara. Allah ya yi muku albarka. Kada ka taka min kujera."

Motar ta hau babban titi. Tsohon ya kunna rediyo. Maike, da ke zaune a baya kusa da Torben, ta lalubo hannunsa ta riƙe gam, ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Torben yana jin ɗuminta, amma ya kasa kallonta. Idonsa na kan taga, inda dogon lilon ke ɓacewa bayan bishiyoyi.

Ta matso da bakinta kusa da kunnensa, yadda Baba ba zai ji ba.

"Ɗan Fashina, da a ce yau mun tarar da layi, yaushe za ka gaya masa?"