Muryar Marigayi a Cikin Waƙoƙi

Insifekta Ɗalha bai ko ɗaga kofin shayinsa ba Hinda ta shigo komisariyar 'yan sandan Dungas. An sace mata katin ajiya na salula. A ciki akwai muryar mijinta marigayi yana cewa gonarsa ta Kwaya aro ya ba ƙanensa Lado. Yanzu Lado ya ce saya ya yi, ga damina ta kawo kai. In babu muryar, babu gona.

Aka kira Lado.

"Ranka ya daɗe, ni ko kunna salula ban iya ba."

Yana rufe baki tasa ta yi ƙara a aljihu. Insifekta ya ja tsaki.

Ya nufi kasuwa wurin Sharifu, mai tura wa mutane waƙoƙi da finafinai. Shi ma ya rantse bai taɓa ganin katin ba. Insifekta ya buɗe ordinatar, wato kwamfutar Sharifu, sai ga hoton akuyar Hinda cikin hotuna, Hinda na riƙe da igiyarta.

"Wannan fa? Da ƙafarta ta shigo?"

Sharifu ya saduda. "Lado ya kawo, ya ce in goge komai. Mu kuwa masu turi ba mu goge kati sai mun kwafe, da haka muke tara kaya."

"To ina muryar?"

"Manhajar ordinatar ke rarrabawa, ranka ya daɗe. Ba ruwanta da suna, cikin abu take leƙawa. Hoto wajen hotuna, bidiyo wajen finafinai."

"Murya fa?"

Sharifu ya dafe kai. "Wajen waƙoƙi."

"Su wa ka tura wa waƙoƙi satin nan?"

"Ai ranar kasuwa ta ratsa..."

Takaici ya kama Insifekta. Shaidar da ya wuni yana nema cikin rana, ashe rabin gari na yawo da ita a aljihu, ba wanda ya ga dama ya zo ya faɗa.

Aka kawo Lado kasuwa aka kunna masa muryar, sai ya amsa laifi.

"Ni na zare katin ranar sadakar bakwai. Sharrin shaiɗan ne."

"Kullum shaiɗan! Wuce mu tafi."

Suna gifta tashar 'yan kabu-kabu, waƙar da wani ya ƙure ta ƙare. Sai muryar marigayi ta cika titi, a hankali, har da tarinsa: "Lado ƙanena ne, aro na ba shi, kada a matsa masa."

Lado ya durƙusa a tsakiyar hanya yana kuka.